Jerin "waƙoƙin alternative rock da suka fi kowanne a tarihi" na Billboard, na bi shi tas ga abin da na gani

Na kwashe kusan sati biyu ina bin jerin nan da mujallar Billboard ta Amurka take fitarwa, wanda suke cewa shi ne na manyan waƙoƙin alternative rock na duk zamani, wato wani reshe na kiɗan rock da ya taso a gefen wanda kowa ya saba ji. Kullum da daddare sai in toshe kunne da iyafis in saurari goma ko sha biyar, saboda ƙanina ya fara shiga harkar kiɗan nan kuma yana ta damuna wai Yaya daga ina zan fara, ni kuma ban so in ba shi abin da ban auna da kunnena ba. Gaskiya daga ƙarshe ban tura masa ba, kuma ina da dalili.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne yadda ake haɗa jerin. Ba wai an tara masana aka ce kowa ya zaɓi waƙar da ta fi ratsa shi ba, a'a, lissafi ne kawai. Billboard na da jadawalin sati-sati na waƙoƙin da gidajen rediyon alternative a Amurka suka fi sakawa, an fara shi ran 10 ga Satumba 1988 da sunan Modern Rock Tracks, yanzu ana ce masa Alternative Airplay. Duk satin da waƙa ta yi a kai tana samun maki, ta sama ta fi samu, sai a tara. Sun ce suna ɗan gyara lissafin saboda bambancin zamani, na yarda suna yi, amma wallahi sakamakon shi yake tona asirin abin.

Duba nan. A 2013 da 2018 waƙar Muse mai suna "Uprising" ce ta ɗaya, a 2023 kuma "Monsters" ta All Time Low ta karɓe. Ni ba ni da rigima da su, "Uprising" ma ina sonta, bugun gangarta kaɗai ya isa ya tashe ka daga kujera, ta yi sati 17 a saman jadawalin, "Monsters" ta yi 18. To amma "Smells Like Teen Spirit" ta Nirvana fa, sati nawa ta yi a sama? Ɗaya tak, a Nuwamban 1991. Waƙar da ta sa kundinsu Nevermind ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairun 1992, waƙar da ta sa manyan kamfanonin kiɗa suka bazama neman duk wani yaro mai jita da yagaggen wando, ita ce lissafin nan yake gani ƙarama. Dalilin kuwa a wancan lokacin waƙoƙi ba sa daɗewa a jadawali, sabuwa na zuwa tsohuwa ta matsa, amma daga baya gidajen rediyo suka koma riƙe waƙa ɗaya wata da watanni suna maimaita ta safe da yamma, har ta kai "Feel It Still" ta Portugal. The Man ta yi sati 20 a sama a 2017. Kenan abin da ake aunawa shi ne daɗewar waƙa a hannun masu shirya shirin rediyo, shi kenan, sai aka laƙa masa sunan girma.

Wanda ya fi ƙona min rai ma shi ne maganar 1988 ɗin. An ce duk zamani amma ƙofar a rufe take ga duk abin da ya riga ta. Babu "Love Will Tear Us Apart" ta Joy Division ta 1980, babu "Radio Free Europe" ta R.E.M. ta 1981, babu "How Soon Is Now?" ta The Smiths ta 1984, su ne fa tushen, a kansu aka ɗora ginin gaba ɗaya. Ka ɗauki "Where Is My Mind?" ta Pixies, tana cikin kundin Surfer Rosa da ya fito a Maris 1988, wata shida kafin a buɗe jadawalin, kuma ba a sake ta ita kaɗai don rediyo ba a lokacin, don haka ba ta da maki ko ɗaya da za ta kawo. Amma saka ta a kunne ka ji, jitar nan mai sanyi tana tafe a hankali, siririyar muryar Kim Deal, 'yar ƙungiyar, tana shawagi can baya kamar daga wani ɗaki ake yin ta, sai ƙarar jitar lantarki ta faɗo a kai. Salon nan na Pixies, a yi shiru-shiru sai a fashe da ƙara sai a koma, Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, da bakinsa ya ce shi yake kwaikwayo lokacin da ya rubuta "Teen Spirit". Ta yaya za a kawo ɗa a manta uba, a ce an faɗi tarihin gida?

Wani zai ce to a bar jama'a su zaɓa mana. An gwada ai. Gidan rediyon Triple J na Ostireliya ya yi ƙuri'ar waƙoƙi 100 na duk zamani a 2009, Nirvana ce ta zo ta ɗaya, wannan ba wanda ya yi mamaki, amma cikin ɗari ɗin nan babu mace ko ɗaya da ta shiga da sunanta ita kaɗai, har abin ya zama abin cece-kuce a ƙasar. Ba PJ Harvey, ba Björk. Jadawalin Billboard ɗin ma ciwon ɗaya ne duk da cewa mace ce ta buɗe shi, Siouxsie and the Banshees, ƙungiyar da mace ke jagoranta, ne na farko da suka hau samansa, amma tun da Tracy Bonham ta yi na ɗaya a 1996 ba a ƙara samun mace ita kaɗai a wurin ba sai Lorde a 2013, shekara 17 cur. Idan rediyo ba ya saka mata, jerin da aka gina a kan rediyo ina zai samo su, wannan ba ya buƙatar dogon tunani.

Sannan ita kanta kalmar alternative ɗin ta saki. Da can ana nufin kiɗan rediyon jami'o'i da ƙananan kamfanoni, wanda ya ƙi bin hanyar kowa, yanzu kuwa Imagine Dragons da Billie Eilish duk a ƙarƙashinta suke, ba laifinsu ba ne, amma jera su layi ɗaya da Sonic Youth a ce wa ya fi, kunne ba ya karɓa.

Inda zan yaba musu, kuma har zuciyata, ba su ɓoye yadda suke lissafin ba, sun rubuta shi a fili, kuma lambobinsu ba na son rai ba ne. Idan abin da kake nema shi ne ka san me rediyon alternative na Amurka ya fi sakawa daga 1988 zuwa yau, ban san abin da ya kai shi ba, ni kaina na tsinci waƙoƙin shekarun 2000 da na manta da su gaba ɗaya, kamar "The Pretender" ta Foo Fighters da "Savior" ta Rise Against, na ji daɗin haɗuwa da su sosai. Amma wanda yake son shiga kiɗan nan sabo, dan Allah kar ya fara daga nan, zai ɗauka abin ya fara ne jiya.

Ƙanin nawa dai na zauna na haɗa masa waƙa ashirin da hannuna bisa shekarun fitowarsu, daga Joy Division na taso, na ce kar ya tsallake ko ɗaya. Jiya ya turo min saƙo wai ya tsaya a kan Pixies ya kasa gaba, yana tambaya ko suna da wani kundin bayan wannan, na ce ya nemi Doolittle na 1989.