Wata shida da Kobo Clara BW a hannuna

Ranar da zan taho Ingila karatu, jakata ta haura kilo 23 da aka yarje mini, dole na sauke littattafai na bar wa ƙanwata, na ɗauko yaji da kuka da daddawa. Ban san zan yi kewarsu haka ba sai da sanyi ya shigo. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ka dawo ɗaki ba abokin hira, sai waya. Karatu a waya kuwa ya gagare ni: ido na yaji, saƙonni na shigowa, kafin in gama shafi biyu na tsinci kaina a WhatsApp. Shi ya sa na ƙudura sayen na'urar karanta littattafai, amma mai sauƙin kuɗi, don ɗalibi kowane fam sai ya juya shi zuwa naira kafin ya kashe.

Guda biyu na sa a gaba, ƙaramar Kindle ta Amazon da Kobo Clara BW ta kamfanin Rakuten, wadda ta fito a 2024. Dukkansu allonsu inci 6 ne, irin allon nan na E Ink mai kama da takarda, da ake karantawa ko a tsakiyar rana. A lokacin Kindle ta fi araha, ta ɗan gaza fam 100, Clara kuwa kusan fam 120. Da farashi kaɗai na duba, da Kindle na saya.

Abin da ya juya ni shi ne wata tambaya da wani ɗan ajinmu ya yi mini: to in ka saya, ina za ka riƙa samun littattafan? A nan katin laburaren gari kyauta ne, shaidar adireshi kawai suka nema a wurina. Laburaren unguwarmu yana ba da aron littattafai ta OverDrive, wani tsarin aro ta intanet, kuma Kobo na ɗauke da shi a cikinta. Kana kwance za ka nemo littafi, ka ara, in wa'adi ya cika ya koma da kansa, ba zancen tara. Aro irin wannan zuwa Kindle kuwa a Amurka kaɗai yake aiki. A wata shidan nan littattafan da na karanta aro, da saye na yi, da kuɗinsu ya ninka bambancin fam ashirin ɗin sau da yawa. Sai dai ku fara tambayar laburarenku, don wasu BorrowBox suke amfani da shi, shi kuma sai an bi ta kwamfuta kafin littafin ya shiga na'urar.

Sai batun namu na Hausa, wanda shi ya fi damuna tun farko. Yawancin abin da nake saye wurin marubutanmu PDF ne ko Word suke turowa. PDF a allo mai inci 6, ko na wane kamfani ne, wahala ne: rubutun ya ƙanƙance, kana ta jawowa kana turawa. Mafita ita ce Calibre, manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda ke mayar da fayil zuwa EPUB, wato tsarin fayil na littattafan na'ura, kuma Kobo na buɗe EPUB kai tsaye in ka jona ta da kwamfuta ka zuba. Na Word yana fitowa tsaf. PDF kuwa wani lokaci layukan kan kakkarye, sai ka yi haƙuri. Littafin farko da na juya, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun fito dabam da sauran, wasu manya wasu ƙanana. Na sauke salon rubutu mai suna Charis SIL, na buɗe jaka mai suna fonts a cikin na'urar na zuba shi, na zaɓe shi a wurin karatu. Tun daga nan “ƙasa” ba ta ƙara rikicewa da “kasa” ba. Wannan kaɗai ya faranta mini rai ƙwarai.

Sauran abubuwan a taƙaice: nauyinta bai kai giram 200 ba, tana shiga aljihun rigar sanyi. Ruwa ba ya yi mata illa, abin da ke da amfani a ƙasar da yayyafi ba ya sallama. Haskenta na komawa ruwan ɗorawa da daddare, ido ya huta. Caji nakan yi kamar sau biyu a wata. Ba ta da saurin waya wurin juya shafi, kuma ga mai takardun bincike masu jadawali da zane, kwamfuta ta fi masa.

In an tambaye ni, zan sake sayenta. Na riga na fara tara wa ƙanwata kuɗin tata, amma ita a gida ba ta da aron laburare, don haka sai na cika mata ita da littattafai kafin in ba mai tafiya Kano ya kai mata.