Katin 'yan ham ko katin 'yan CB: da wanne za ka fara?

Malam, ka ce ka ga ana sayar da tsofaffin katunan QSL kashi biyu a intanet, wato katunan da masu magana ta rediyo ke aika wa juna, ɗaya na masu rediyon ham (masu lasisin tasha a gida da ke hira da na nesa don sha'awa) daga shekarun 1950, ɗaya na masu rediyon CB (rediyon jama'a gama-gari na maganar kusa) daga shekarun 1970. Kuɗinsu kusan ɗaya, aljihu kuma ba zai ɗauki duka biyun ba, shi ne kake tambayar da wanne za ka fara. Ni dai na ham zan ce ka ɗauka. Amma kada ka tura kuɗi tukuna, domin mai yiwuwa abin da ya ja hankalinka yana cikin ɗaya kashin.

A ido kusan abu ɗaya ne. Girmansu na katin gidan waya, wajen santimita 14 da 9, da manyan haruffa da lambobi a gaba, a ƙasa kuma 73, wato gaisuwar fatan alheri ta masu rediyo. QSL ɗin kansa alama ce daga cikin gajerun alamomin masu buga tangaraho, mai nufin saƙo ya iso. Inda suka rabu shi ne aikin da kowanne ya yi wa mai shi. Katin ham shaida ce a kan abin da ya faru. Katin CB kuwa mutum ne yake gabatar da kansa.

Mai rediyon ham sai ya ci jarrabawa kafin hukuma ta ba shi lasisi, a wancan zamani har da gwajin karanta saƙon Mos, wato rubutun tangaraho na gajeru da dogayen sauti, da kunne. Lambar kiran da za a ba shi babu mai irinta a duniya, kuma farkonta yana faɗin ƙasarsa: G Ingila, W ko K Amurka, JA Japan. Idan ya yi magana da wani, sai kowannensu ya rubuta a littafinsa, sannan ya aika wa ɗan'uwansa kati. Ɗauki ɗaya ka duba da kyau. Za ka ga lambar wanda aka yi magana da shi an rubuta da alƙalami, da ranar, da lokacin a agogon GMT, da zangon da aka haɗu, misali mita 20, da ko da murya aka yi ko da Mos. Sai wasu lambobi uku kamar 579. Ta farko tana faɗin yadda saƙon ya fahimtu, daga 1 zuwa 5. Ta biyu ƙarfinsa, daga 1 zuwa 9. Ta uku tsabtar sautin Mos ɗin, ita ma zuwa 9. In da murya aka yi, lambobi biyu kawai za ka gani. Sau da yawa a kusurwoyi huɗu akwai hujin fil, domin a bangon ɗakin rediyo suke kafa su.

Ba don ado kawai suke wannan wahala ba. Ƙungiyar masu ham ta Amurka, ARRL, wadda aka kafa a 1914, ta fito da lambar yabo ta DXCC a 1937 ga wanda ya yi magana da ƙasashe 100, kuma a lokacin ba a karɓar maganar baki, sai ka kawo katunan an duba. Shi ya sa mutum zai sa dala ɗaya ko takardar biyan kuɗin amsa ta gidan waya a cikin ambulan, ya aika wani tsibiri mai nisa, ya zauna jira watanni.

Labarin CB daban yake. A 1958 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta karɓe zangon mita 11, wajen megahaz 27, daga hannun 'yan ham, ta ba wa jama'a gama-gari da layuka 23. Babu jarrabawa, fom kawai za ka cika. Ƙarfin na'urar kaɗan ne, wat 4, domin an yi ta ne don maganar kusa, kamar dai rediyon oba-oba. Har doka aka kafa ta hana magana da wanda ya fi mil 150 nisa. To ka ga ke nan, katin da zai tabbatar cewa mutumin Texas ya yi hira da mutumin Kanada, shaida ce a kan mai shi cewa ya karya doka. Wasu sun yi hakan, musamman a shekarun da sararin samaniya ke dawo da igiyar rediyo ƙasa can nesa, amma mafi yawan katunan CB ba su tabbatar da wata hira ba. Musanya ake yi da su hannu da hannu a wurin taro, ko a tura su dami-dami ta ƙungiyoyin musanya, in ka ba ni ɗaya in ba ka ɗaya. Shi ya sa za ka juya bayan da yawa ka tarar babu ko ɗigon tawada.

Yawansu kuma ya samo asali ne daga ƙarancin man fetur na 1973 da dokar da ta biyo baya a 1974, wadda ta hana gudun da ya wuce mil 55 a awa. Direbobin manyan motoci suka riƙa gaya wa juna a layi na 19 inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe, jama'a suka ga abin ya burge su, miliyoyi suka saya. A 1977 aka ƙara layukan zuwa 40, a 1983 hukumar ta daina neman lasisi gaba ɗaya.

A nan ne katin CB ya fi na ham, kuma ba zan rage masa komai ba. Katin ham yakan zo a natse: lambar kira da jan rubutu, sunan gari, jerin kayan aiki, wani lokaci hoton mutum zaune gaban na'urarsa. Ɗari daga cikinsu za su iya yi maka kama da juna. Katin CB kuwa kowanne da fuskarsa. Ba a amfani da suna na gaskiya a iska, sai laƙabi, to a katin za ka ga laƙabin maigida, da na uwargida, da na yara a jere, wani lokaci har da na karen gidan, sai zanen babbar mota ko gona ko kogin da yake kamun kifi, a ƙasa kuma layin da za ka same su in ka kira. Duk wanda ya taso yana jin 'yan zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna suna jero laƙabobinsu da na abokansu zai gane wannan hali nan take. Direbobi ne da makanikai da manoma da matan gida, mutanen da ba a rubuta littafi a kansu, kuma ga yadda suka so a gan su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai ma masu zane da suka yi suna da wannan sana'a, irin wanda ke sa hannu da Runnin Bare, wanda katunansa ke ɗauke da lambar jeri, masu tarawa kuma suna bin lambobin. Sai dai ka sani, a cikin kowane babban dami na katunan CB ba a rasa masu zanen batsa, don haka kai za ka fara tacewa kafin yara su gani.

Ta fuskar bincike kuwa, ham ya yi wa CB nisa. An riƙa buga littafin lambobin kira na 'yan ham shekara da shekaru, da suna da adireshi, kuma tsofaffin bugun suna nan a intanet kyauta. Kana iya ɗaukar katin 1954 ka nemi lambar a littafin shekarar ka ga ko garin ya dace. Katin da kansa ma yana faɗin shekarunsa. Na Amurka da ya fara da lamba tsirara, babu W a gaba, ya girmi ƙarshen 1928. Wanda ya rubuta ma'aunin igiyar rediyo da kc ko Mc maimakon kHz ko MHz, galibi bai wuce shekarun 1960 ba, ko farkon 1970. In kuma an nuna maka katin hira tsakanin 'yan ham na Amurka mai ɗauke da 1943, ka ja baya, domin an rufe musu iska tun daga Disambar 1941 har yaƙin duniya na biyu ya ƙare. Katin CB sai da kirdado: in adireshin yana da lambar shiyya ta gidan waya mai lambobi biyar, bai girmi 1963 ba, in ya ambaci layin da ya wuce 23, galibi daga 1977 ne zuwa sama, lambar da ta fara da XM ta Kanada ce. Na Birtaniya kuma, inda ba a halatta CB ba sai a Nuwambar 1981, da yawa laƙabi ne kawai da lambar akwatin gidan waya, babu hanyar gano mai shi.

Amma babban dalilina shi ne wannan. A katunan CB da wuya ka ci karo da wani abu da ya shafe mu, domin galibi harkar Amurka ce da Kanada da Turai da Ostareliya. A katunan ham na shekarun 1950 kuwa, ƙasashenmu suna ciki da tsofaffin sunayensu. Najeriya a lokacin Turawa ZD2 ce. Gold Coast, kafin ta zama Gana a 1957, ZD4 ce. Nijar tana ƙarƙashin FF8 tare da sauran yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, Chadi kuma a FQ8. Bayan samun 'yanci Najeriya ta koma 5N, Gana 9G, Nijar 5U, Chadi TT. Ka samu katin ZD2 da katin 5N2 ka ajiye su gefe da gefe, ka ga sauyin mulki a haruffa biyu. Masu waɗannan tashoshi a lokacin yawanci Turawa ne, ma'aikatan gwamnati ko na kamfanoni ko 'yan mishan, kuma in ka yi sa'a za ka ga sunan Legas ko Kaduna ko Jos ko Kano a kai, wani lokaci da kan sarki mai hoton Sarauniya da hatimin gidan waya. Ka lura kuma, katin da aka cika a nan fita ya yi, don haka a akwatin wani tsoho a Amurka ko Ingila ko Jamus yake kwance, ba a kasuwarmu ba. Irin wannan dami da ka gani shi ne inda ake tsintar su. Ina ganin ya kamata wasu daga cikinsu su dawo hannun waɗanda suka san garuruwan da aka rubuta a kai.

Kada ka ɗauka katin da babu kan sarki jabu ne. Mafi yawan katunan ham ta ofishin ƙungiya suka bi, ana tara su a tura dami guda zuwa ƙungiyar wata ƙasa don rage kuɗi, sai ka ga tambarin roba kawai a baya. Na Tarayyar Sobiyet ta Akwati na 88 a Mosko suke bi. Kada kuma ka sa rai da katin Sarki Hussein na Jordan, mai lambar JY1, ko na Rajiv Gandhi, VU2RG, a dami mai araha. Masu sayarwa sun san su, daban suke cire su.

Akwai biyu da ke shigewa tsakani su ruɗa sabon shiga. Na farko katunan ƙungiyoyin mita 11 masu neman nesa, irin Alfa Tango da aka kafa a Italiya a 1978. Suna da rana da lokaci da ƙarfin sauti kamar na ham, amma lambar ƙungiya ce ta ba da ita, ba hukuma ba: 1 Italiya, 14 Faransa, 26 Ingila. Na biyu katunan masu sauraro, waɗanda gidajen rediyo na gajeren zango ke aika wa wanda ya rubuto musu yadda ya kama su. Wannan na biyun ma sai in ce ka fara nemansa a gida. In akwai dattijon da ya saba rubuta wa Muryar Jamus ko wata tashar waje wasiƙa, a roƙe shi a duba tsofaffin takardunsa.

Ko wanne ka saya, abokan gabarsu ɗaya ne a wajenmu: gara, danshin damina, da rana mai cinye launi. Kada ka yi musu laminatin, domin ba ya cirewa kuma darajar katin ta tafi ke nan. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, narkewa take yi ta manne. Aljihun leda mai tauri irin na adana hotuna ya isa, a cikin akwatin da ke rufuwa, nesa da ƙasa da bango. In za ka sa hoton katin CB a intanet, rufe adireshin gidan, domin yaran da aka jera a kai da yawansu suna raye.

Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton gaba da bayan kamar guda goma daga kashin ham ɗin. Abin da kake dubawa shi ne ko duk tasha ɗaya aka aika wa. In haka ne, tarin mutum ɗaya ne, kada ka yarda a raba shi, domin a haɗe yake nuna inda muryar mutumin ta kai a tsawon shekarunsa. Ka tambaye shi kuma kai tsaye ko akwai masu farawa da ZD ko FF ko FQ. In ya ce tsintar nan da can ce, duk na cikin Amurka, babu ko ɗaya na Afirka, to hujjata ta raunana, kuma in zanen CB ɗin ne ya fara kama idonka, ɗauki na CB da zuciya ɗaya. Ka dai sa ya faɗa maka kuɗin aikowa tun farko, don a irin wannan ciniki yakan kai kuɗin katunan, ko ya fi.