Shekara guda da gajeren tuja a tsakar gidana na Mabera, Sakkwato

Bara a watan Agusta, damina ta kankama, na tsaya wurin wani mai sayar da dashe a bakin titi na sayi tsirrai uku: gajeren tuja biyu, wato ƙananan itatuwan ado masu ganye kore da ratsin ruwan ɗorawa, sai guda da ya kira iccen Kirsimeti, wato Araucaria. Burina tsakar gida ta zauna da kore har cikin rani, ba tare da saiwa ta fasa mini siminti ba, don na ga abin da dogon yaro ya yi wa katangar maƙwabcina.

Ranar da na shigo da su, Inna ta nuna Araucaria ta ce, "Wanga icce ba na ƙasarmu ba na." Ashe gaskiyarta. Asalinsa tsibirin Norfolk ne a tekun Fasifik, inda iska ke da laima. Hunturu na shigowa rassansa na ƙasa suka fara bushewa, zafin Afrilu da ya haura digiri 40 ya ƙarasa shi. Shi ne ya fi tsada cikin ukun, kuma mai dashen bai taɓa ce mini ya fi ƙarfin Sakkwato ba. Wannan ya yi mini ciwo.

Tuja kuwa ya fidda ni kunya. Asalinsa arewacin Sin ne da Koriya, kuma yana jure fari. Amma na kusa kashe su da hannuna, saboda na bar su cikin baƙin bokitin roba. Wata rana da azahar na dafa bokitin, sai da na janye hannu da sauri. To, ina ga saiwar da ke ciki? A ranar na sayo tukwanen ƙasa manya, na huda gindinsu, na haɗa yashin gulbi da ƙasa da takin shanu wanda ya ruɓe sarai. Na jingina su jikin katanga inda suke shan ranar hantsi, inuwa ta rufe su kafin azahar. Ban-ruwa kuma sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Da bazara kullum da asuba ke nan, da damina sai in yi kwanaki ban taɓa su ba.

Abin da ya fi ba ni wahala ƙura ce. A Fabrairu ganyen ya dusashe, na kakkaɓe reshe a kan farar takarda, sai ga wasu mitsi-mitsin ƙwari suna rarrafe, ga siririyar yana kamar ta gizo. Zafi da ƙura ne abin sonsu. Wanke ganyen da ruwa mai ƙarfi da yamma, sau biyu a mako, shi ya kore su. Wajen aski ma a yi hattara: reshen da na datse har cikin tsohon icce bai sake toho ba, ramin na nan har yau.

Mai son inuwa kada ya saya, don shekara guda girman da suka ƙara bai kai taƙi ba. Mai ƙaramin tsakar gida irina kuwa, ina ba shi shawarar tuja da zuciya ɗaya. Kafin ka biya, ka sa a zaro shi daga leda ka duba saiwar: fara ce ko ta yi baƙi tana wari. Ni dai damina mai zuwa zan ƙaro biyu in sa a bakin zaure.