Ajin VHS ko darasin kuɗi ta intanet: amsa ga Maman Haidar

Wa'alaikumussalam Maman Haidar, barka da isowa birnin Kolon na Jamus, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Tsakanin ajin VHS da wancan darasin Jamusanci na intanet da aka tallata miki, ki tafi VHS. Duka biyun na taɓa su.

VHS makarantar manya ce ta hukumar gari, kusan kowane birni a Jamus yana da tasa. Kwas ɗin baƙi da suke kira Integrationskurs tun 2005 aka fara shi, BAMF, hukumar harkokin baƙi da 'yan gudun hijira, ke kula da shi. Awa 600 na harshe, sai awa 100 na sanin ƙasa, wato dokoki da tarihi da yadda ake zama da mutane. Kada yawan ya tsorata ki, awarsu minti 45 ce. A ƙarshe akwai jarrabawar Jamusanci da ake kira DTZ, inda ake so ki kai B1, wato matsakaicin mataki, da wata mai tambayoyi 33 a kan rayuwa a Jamus. B1 ɗin nan shi za a tambaye ki ranar da kika nemi takardar zama ta dindindin. Lokacin da na yi, Yuro 2.29 ake biya kowace awa, mai karɓar tallafin gwamnati kuma ana iya yafe masa.

Amma ni ba takardar ce ta sa nake yabonsa ba. Malamarmu wata dattijuwa ce da ta daɗe tana koyar da manya, ta san babba kunya ce ke fara kama shi kafin ya buɗe baki. Duk Litinin sai ta ce kowa ya fito da wasiƙar da ta hana shi barci. Na kawo tawa, hannuna na rawa, na zaci tara aka ci mu. Ta ɗora ta a allo, muka bi ta layi-layi, ashe kuɗin rediyo da talabijin ne, Yuro 18.36 a wata, kowane gida yana biya ko da babu talabijin a cikinsa. Rabin ajin suna da irinta a jaka, kowa ya yi shiru da abinsa. A nan na san shuɗin kwandon shara na takarda ne, rawaya na robobi da gwangwani, na san robar ruwa kuɗi ce, santi 25 in kin mayar da ita injin kanti, na kuma koyi yadda ake kiran asibiti a nemi lokacin ganin likita ba tare da an miƙa wa maigida wayar ba. Har sayayyar Asabar a aji aka ja mana kunne a kanta, don ranar Lahadi kantuna a rufe suke.

Ga kuma mutane. Wata 'yar Zangon Kumasi da muke zama benci ɗaya, Hausa a bakinta rangaɗau, ita ta fara kai ni titin Keupstrasse a unguwar Mülheim wajen mahautan Turkawa, ita ta nuna min jirgin ƙasan da ke zuwa babban masallacin unguwar Ehrenfeld. Wannan ba a samunsa ta fuskar waya.

Aibin ajin VHS, tafiyar hawainiya yake yi, don a aji ɗaya za ki tarar da likita da wanda bai daɗe da fara riƙe biro ba. Wani lokaci kuma sai an jira gurbi.

Na intanet kuwa, to, yana da sauri, zai yi wa mai neman mataki mai zurfi na C1 don shiga jami'a. Ni dai kuɗina ya tafi, na iya jera der, die, das, amma maƙwabciya ta yi min magana a matakala sai murmushi.

Abin da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: za ki ga masu tallar satifiket ɗin B1 a WhatsApp da Facebook, wai ba sai kin zauna jarrabawa ba. Ki yi nesa da su. Ana tantance takardun nan, kuma jabu laifi ne da kan iya taɓa izinin zamanki, balle jami'i ya yi miki tambaya biyu ki kasa amsawa. Haka masu cewa makarantarsu gwamnati ta amince da ita, ki duba sunanta a shafin BAMF-NAvI kafin ki ba da ko sisi.

Ki ɗauki fasfo da takardar izinin shiga kwas ɗin ki je ofishin VHS, za su gwada ki su ga matakin da za ki fara. Matakin farko na A1 da kika yi don biza, in ya ɗan gudu, ki bari su mayar da ke baya, kada ki ja da su. Ki kuma tambaye su tun a ranar ko akwai aji mai wurin renon yara, saboda Haidar.