Ra'ayina kan ɗaliban jami'a masu koyon koyarwa a kolejinmu

Ni malamin lissafi ne a wata koleji a nan Maradi, kuma bana na karɓi ɗaliban jami'a biyu da aka turo mana domin koyon aikin koyarwa. Tsarin ya gamsar da ni ƙwarai, domin ilimin littafi daban yake da tsayuwa gaban yara masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala koleji cikin zafin watan Afrilu. Na ga yadda ɗayansu, wanda a farko alli ke rawa a hannunsa, ya koyi raba allo gida uku, yana kiran kowane yaro da sunansa. Abin da ya dame ni shi ne malamin jami'ar da ke kula da su sau ɗaya kawai ya leƙo ajinmu, kuma bai zauna da ni mun tattauna rauninsu ba.