Sharhi kan dutsen kurokoyit na Tasmaniya: yana da kyau, amma sai da lallaɓa

Samfurin da na gwada ɗan ƙarami ne, kimanin santimita 5, daga yankin Dundas na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya, inda mahaƙar Adelaide da ta Red Lead suke fitar da mafi kyawun kurokoyit. Ma'adini ne na dalma da ƙarfen kuromiyam da iskar oksijin, PbCrO4 a rubutun masana. Siffarsa kamar an tsittsira allurai ja masu ruwan lemo a kan dunƙulen ƙasa mai launin tsatsa, wasu alluran ma rami ne a cikinsu kamar tsinken alkama.

Sunan daga kalmar Girkanci krokos yake, wato za'afaran. Da farko, bayan an gano shi a mahaƙar zinariya ta Berezovsk a duwatsun Ural na Rasha a shekarun 1760, "jar dalmar Sibiriya" ake ce masa. A cikinsa masanin sinadarai Vauquelin na Faransa ya gano kuromiyam a 1797, sai masanin ma'adinai Beudant ya raɗa wa dutsen sunan za'afaran a 1832. A ganina sunan ya fi dacewa da garinsa, don idan aka goga ɓallin a bayan tayil marar sheƙi, layin da yake bari ruwan lemo ne mai ɗorawa-ɗorawa, ba ja ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne rashin ƙwari. Taurinsa 2.5 zuwa 3 ne a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, kaɗan ya ɗara farce, ga nauyi kusan ninki 6 na ruwa. Alluran siriri ne kuma masu nauyi, don haka girgizar mota kaɗai tana karya su. Wannan samfurin ya iso a nutse cikin garin sabulun wanki, kuma dabarar ta yi, domin garin yana cike tsakanin allurai. Allura biyu kawai suka ɓalle. Kada ka yarda a naɗe maka shi da auduga, zaren yana sarƙewa, kana ja kana tsinke dutsen. Wajen buɗewa a karkata mazubin garin ya zube da kansa, ragowar a hure da ɗan famfon roba irin na masu gyaran agogo. Ba a sa buroshi, ba a sa asid, kuma ba a riƙe shi sai ta gindi.

Akwai jabu a kasuwa. Ana tsirar da gishirin fotasiyam daikuromet a kan dutse a sayar da shi a matsayin na asali. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ɓalli yana tona asiri: na jabun yana narkewa ruwan ya rine, kurokoyit kuwa ko gezau. A kuma duba gindin allurai da gilashin ƙara girma, saboda wasu dillalai suna liƙa waɗanda suka karye da gam.

Hasken rana yana dusashe launinsa a hankali ya yi duhu, shi ya sa taga ba wurinsa ba ce. Akwatin roba mai haske mai murfi, a manne gindin, a ajiye cikin kabad, ya wadatar.

Maganar guba ba ta wasa ba ce. Dalma da irin wannan kuromiyam ɗin duka suna cutarwa idan ƙurar ta shiga baki ko huhu, kuma wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wanke hannu bayan taɓawa, a zubar da garin sabulun da ya zo ciki, kada a yi wanki da shi.

Ga mai tara ma'adinai ko malamin ilimin duwatsu, ya ci kuɗinsa. Mai neman dutsen zobe ko abin da ɗalibai za su riƙa miƙa wa juna a aji, ya nemi wani.