Gargaɗi kan masu "rajistar tallafi" a unguwannin 'yan gudun hijira

Jama'ar Mora, Kolofata, Mokolo da Kusiri a arewacin Kamaru, musamman masu masaukin 'yan uwan da rikicin Boko Haram ya koro daga garuruwansu, a yi hattara. Akwai masu shigowa unguwa sanye da riga mai tambari, da kati rataye a wuya, suna cewa su 'yan sa-kai ne da aka turo su rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin kuɗi ko abinci. Rigar tela ne ya ɗinka, katin kuma a shagon buga takardu aka yi shi.

Sun fi bin waɗanda suka raɓe a cikin gari. Mutumin sansanin Minawao, wanda aka buɗe tun 2013, ya san ofis, ya san fuskokin ma'aikata. Amma dattijuwar da ta baro Amchide ko Limani da jikoki, tana kwana a zauren ɗan uwanta a Mora, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ita suke nema.

Da farko za su karɓi "kuɗin fom", a ce sefa 2,000. Ba ya da yawa a ido, shi ya sa ake bayarwa, amma gida ɗari ya zama sefa 200,000 kafin la'asar. Daga nan su ɗauki hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, su rubuta lambar waya.

Babbar ɓarnar sai bayan kwana biyu. Waya za ta yi ƙara: "Hajiya, sunanki ya fito. Yanzu saƙo zai shigo, ki sa lambar sirrinki don kuɗin ya sauka." Abin da ya faru a ɓoye shi ne, daga layin mai cirar kuɗi suka tura buƙatar cirewa zuwa asusunta na MTN MoMo ko Orange Money. Tana danna lambar, ta amince a kwashe abin da ke ciki ke nan. Ku riƙe wannan da kyau: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Ana sa ta ne idan kuɗi zai fita. Wasu kuma saƙon bogi suke turowa daga lambar waya irin ta kowa, mai nuna wai kuɗi ya shigo, sannan su kira da kuka cewa kuskure ne, a mayar musu. Kafin ka mayar da ko sisi, duba asusunka da kanka: *126# a MTN, #150# a Orange.

Rajistar gaskiya kyauta ce. Hukumar HCR, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta karɓar kuɗi, kuma sai mutum ya zo da kansa da iyalinsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hukumar abinci ta PAM ba ta sayar da katin rabo. Idan aikin na gaskiya ne, bulama ko lawan zai san da zuwansa tun kafin ranar. Don haka duk wanda ya zo da takarda, a ce masa, "Malam, mu je wurin bulama tukuna." Maƙaryaci a nan yake tuna yana da wani uzuri.

Masu ba da sadaka, ku ma ana farautarku a WhatsApp da Facebook da hotunan yara masu tamowa, galibi tsofaffi ne daga wata ƙasa. Abin takaici, akwai matasa da mata na kirki da ke tara gero, sabulu da tabarmi suna kaiwa da aljihunsu, su ne waɗannan ɓata-gari suke zubar wa mutunci. Kada ku daina bayarwa, ku dai tambaya. Dokar ƙungiyoyi ta 1990 ta tanadi a yi rajista a ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankin, a karɓi takardar shaida, a nuna muku ita. A faɗa muku unguwar da za a raba da sunan bulamanta. Idan lambar da aka ce a tura kuɗi tana canzawa duk mako, ku ja da baya.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta hana shi magana. Ya kira kamfanin layinsa nan take, ya canza lambar sirri, kada ya goge saƙon domin lambar cinikin tana ciki. Ya kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda. Zamba laifi ne a sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru. Idan kuma an ɗauki hoton katinsa, ya je ofishin kamfanin waya da katin a duba ko an buɗe wani layi da sunansa, a rufe shi kafin a damfari wani da shi.